Arziƙa Maharbi da Dafin Kwankwani

To, ku matso, ku bar surutu. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Baba Malam.

Wani maharbi ne, sunansa Arziƙa. Ya san tsiron nan kwankwani sarai, don da 'ya'yan tsiron yake dafa dafin kibiya. Ran nan ya leƙa gidan Iya Tabawa mai magani, sai ya ga ta tsoma bakin tsinke cikin ruwan kwankwani, ta ɗiga a kunun wani mai ciwon zuciya. Bai tambaye ta komai ba. Sai ya ruga kasuwa yana ihu: "Jama'a, tsohuwar nan dafi take ba mutane!" Sai aka rushe ɗakinta, aka kore ta bayan gari.

Ba a yi wata uku ba, sai uwar Arziƙa ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya ƙi. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ciwon Tabawa kaɗai ta san ma'auninsa."

Sai kunya ta kama Arziƙa. Ya aika wa tsohuwa da kaza. Ta ce, "Kaza ce ta yi mini ƙazafi? A mayar masa."

Sai ya je da kansa, ta bayan gonaki, ya durƙusa. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Raɗa kake yi? Ran nan ai har mahauta sun ji ka. Koma inda ka faɗa, ka warware."

Ya kwana uku yana jinkiri, ko ɗakin uwarsa bai iya leƙawa ba. Ran kasuwa sai ya hau kan turmi, ya cire hula. Ya ce, "Jama'a, ƙarya na yi wa Iya Tabawa."

Tana daga gindin tsamiya ta ce, "Ɗaga murya, ɗan samari. Kunnena ya tsufa."

Ya ce, "Ƙarya na yi! Ni cokali guda na dafin nake zubawa in kashe barewa. Ita bakin tsinke take ɗigawa ta ta da mutum. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba!"

Ya sauko ya ce, "Iya, mu je, kada uwata ta cika."

Ta ce, "Je ka dai ka gani."

Sai ya sheƙa gida. Ya tarar da uwarsa zaune tana shan fura. Ta ce, "Tun ranar kazarka Tabawa ke zuwa kullum da tsinkenta. Ta ce rashin kunyarka ba laifina ba ne."

Arziƙa ya zauna a ƙasa, ya kasa ɗaga kai. Washegari shi kaɗai ya kwaɓa ƙasa, ya fara gina wa Tabawa ɗaki, gari na kallo.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan kusu. Kada in ga hannun kowa a jikin kwankwani, ma'auninsa sai masana. Kuma wanda ya ɓata sunan mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a zai wanke shi, da babbar murya.