Ɗorawar Sarki a Gidan Tabawa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, ni kuma na ji daga bakin wanda ya karanta, cewa a wani zamani an yi wani sarki a Birnin Marke ana kiransa Nakande. Mutum ne mai son adalci, sai dai akwai shi da saurin fushi. Wazirinsa Mamuda kuwa dattijo ne mai sanyin magana. Bai taɓa ce wa sarki ya yi kuskure ba, sai dai ya ba shi labari.

An ce fataken birnin suna da wata al'ada mai kyau. Duk wanda ayarinsa ya sauka lafiya, sai ya kai wani abu daga ribarsa cikin asusun da suka haɗa, a hannun wani ma'aji mai suna Barmo. In gobara ko ambaliya ko iska ta ci dukiyar ɗayansu, daga nan ake mayar masa, don kada mutum ya kwana attajiri ya wayi gari matsiyaci. Amma da sharaɗi: asusu na biyan abin da ya sauko daga sama ne kawai. In da sakacin ɗan Adam a ciki, mai sakacin ne zai biya. Sharaɗin ba shi da laifi. Barmo ne dai, Allah Ya jiƙansa, ko a cikin tsawa sai ya gano sakacin wani.

Akwai kuma wata doka tun ta kaka da kakanni, cewa duk itacen ɗorawa da ke ƙasar na sarki ne, ko da a tsakar gidanka ya tsiro. In ta nuna, bayin sarki su zo su kaɗe ta su kai fada. Wanda ya sa mata gatari kuwa sai gidan yari.

To, irin wannan ɗorawa ce a gidan wata tsohuwa mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun riga ta gidan gaskiya, ba ta da komai a duniya sai gidan nan da sana'ar daddawa. Abin takaici, kalwar da take dafawa a kasuwa take saye, alhali ga ɗorawa a kanta. Rabonta da ita shi ne sharar ganye.

Da shekaru suka tura, gara ta cinye cikin itacen, har in ka buga gindinsa sai ya amsa kamar ganga. Tabawa ta tafi wurin Sarkin Dawa, mai kula da itatuwan sarki, ta durƙusa ta nemi izinin a sare.

Ya ce, "Tana 'ya'ya?"

Ta ce, "Tana yi, ranka ya daɗe, amma cikinta..."

Ya ce, "Mai 'ya'ya ba a sare ta. Tashi ki ba ni wuri."

Ta koma, ta sake komawa, har mai gadin ƙofarsa ya gane ta, ya riƙa korar ta tun daga nesa.

Maƙwabcinta kuwa wani madugu ne mai suna Jatau, ɗakin ajiyarsa na jingine da katangarta. A shekarar ya cika shi da kantun gishiri da turamen tufafi. Ran nan da la'asar, a farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas da iska irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ɗorawa ta yi ƙara, ta faɗi, ta rushe katangar Tabawa, ta fasa rufin ɗakin Jatau. Ruwa ya samu ƙofa. Kafin ya ɗauke, gishiri ya narke ya bi kwata, tufafi sun zama abin tausayi.

Jatau ya kai kukansa ga ma'aji. Barmo ya zo ya zaga, ya soka sandarsa cikin kututturen, ta shige har kusan hannunsa. Ya ce, "Wannan ai ba aikin iska ba ne, aikin gara ne. A gidan wa itacen yake? To ita za ta biya. In ba ta da shi, gidan ya zama naka. Asusu ba ruwansa."

Jatau ya ce, "Haba Barmo, ka ji tsoron Allah! Matar nan a bayanta na yi wayo. Ni zan fitar da ita titi?"

Barmo ya ce, "To ka yafe mata mana."

Yafewar ce ba ta yiwuwa, don rabin kayan amanar mutane ne, kuma sun riga sun cika masa zaure. Haka maganar ta kai gaban sarki, Jatau na tafe kamar wanda ake ja da igiya.

An ce fada ta cika ranar. Kowa a wurin ya san ko itacen wa ne, amma wa zai tsaya a gaban Nakande ya ce nasa ne? Duk wanda ya tashi magana sai ya ce "itacen", ba wanda ya yarda ya ce ɗorawa ce. Ni kam wannan tsoro na fadawa ya fi garar ba ni haushi.

Sarki ya dubi Tabawa ya ce, "Tsohuwa, kin san itacen ya ruɓe?"

Ta ce, "Na sani, Allah Ya ba ka nasara."

"To me ya hana ki sare shi?"

Tabawa ta ɗaga ido ta dubi Sarkin Dawa, shi kuwa ya mai da hankalinsa ga gyaran rawani. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta ce, "Ƙaddara ce, ranka ya daɗe."

Sarki ya gyara zama zai yanke hukunci, sai Waziri Mamuda ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Zaki, kafin baki mai albarka ya furta, akwai wata shari'a da na karanta ta gagare ni, ina roƙon a warware mini."

Sarki ya ce, "Muna jin ka, Waziri."

Mamuda ya ce, "An ce wani attajiri ya ajiye saniyarsa a gidan wani talaka. Kullum da safe barorinsa su zo su tatse nonon su tafi, in ta haihu su kore maraƙin. Mai gidan aikinsa kwashe kashi. Saniyar kuwa mai tsoron tsawa ce. Talakan ya je ya roƙi a bar shi ya kafa mata turke, baran attajirin ya ce a'a, igiya na rage mata nono, in ya kuskura ya ɗaure ta zai gamu da fushin attajirin. Ran nan aka yi tsawa, saniya ta firgita, ta tsallake danga ta faɗa gidan wani magini, ta tattake masa tukwane kaf. Magini ya kai ƙara. Alƙalin garin ya ce a kama talakan, tunda daga gidansa ta fito."

Sarki ya buga cinya ya ce, "Wannan alƙali azzalumi ne! Wanda ya sha nonon, kuma ya hana a ɗaure ta, shi zai biya. Ina ruwan mai kwashe kashi?"

Waziri ya ƙara sunkuyawa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya ce, "Allah Ya ƙara wa Zaki basira. Itacen da ya faɗi a gidan tsohuwar nan ɗorawa ce. Bara ma fada ta ci 'ya'yanta."

Tirƙashi! Idon sarki ya kaɗa ya yi ja, dogarai suka fara duban juna, wasu ma sun riga sun yi wa Waziri addu'a a zuci. Can sarki ya juya ga Sarkin Dawa ya ce, "Ta zo wurinka?"

Sarkin Dawa ya ce, "Ta zo."

"Ka kawo mini maganar?"

Sarkin Dawa ya kifa goshi a ƙasa yana neman afuwa.

Sarki ya ce, "Iskar daga Allah take, ta yaye rufi a unguwanni da yawa, saboda haka Barmo, asusunku zai ɗauki rabin asarar Jatau, don dominta aka kafa shi. Ruɓewar kuwa tawa ce, baitulmali ba zai biya ba, daga nawa rumbun za a fitar da ɗaya rabin. A gina wa tsohuwa katangarta. Daga yau duk wanda ɗorawar sarki ta ruɓe a gidansa ya faɗa aka hana shi sara, abin da ta ɓata a wuyan fada yake." Aka tuɓe rawanin Sarkin Dawa a take, aka yafa wa Waziri alkyabbar da ke jikin sarki.

Tabawa dai ba ta motsa ba, don ba ta gane ba. Ta ja rigar Jatau ta ce a hankali, "Ɗan nan, yaushe aka ce in tashi daga gidan?"

Jatau ya durƙusa gabanta, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Inna, ba inda za ki. Gida za mu."

Masu littafin suka ce, abin lura a nan shi ne, in masifa ta sauko daga sama, kada a tsaya ga tambayar a gidan wa ta faɗi. A tambayi wa ke cin amfanin abin, wa kuma ke da ikon gyarawa ya ƙi. Haka na ji shi, haka na isar, sanin gaskiyarsa kuwa na wurin Allah.