Damin Irin Marwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Baoudetta, sunansa Namadi. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Mutum ne dai mai tsoron dariyar jama'a fiye da kima.

Yana da ɗiya, Marwa. Lakwal, wato makarantar boko, ta yi musu nisa, tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar yarinya, sai uwarta Furera ta riƙe ta a gida. Furera ta yi lakwal har aji biyar, amma ba ta zaunar da ɗiyarta ta ce mata maimaita. Abin da yarinya ta tambaya, shi suke bi.

Marwa kuwa akwai tambaya. Tana shekara takwas ta ce, "Inna, mi ya sa wani hatsi ke riga wani nuna, alhali rana ɗaya aka shuka su?"

Furera ta ce, "Ni ma ban sani ba. Tahi ki duba, ki zo ki gaya mini."

Ta yankar mata gefe a gamanarta, ɗan filin nan da maigida ke ba mace. Marwa ta yayyaga tsohon zane. Duk zangarniyar da ta riga nuna, sai ta ɗaura mata ƙyalle. Da kaka ta ware su daban, da damina ta shuka su su kaɗai.

Don ta san kwana nawa suke yi a gona, ta koyi lissafi da tsakuwa. Da tsakuwar ta riƙa ɓace mata, ita da bakinta ta roƙi a koya mata rubutu. Babu wanda ya ɗaga mata tsumagiya.

Damina uku tana wannan aiki, har hatsinta ya zama yana riga na gandu nuna da kwana goma sha biyu. Ta tara dami guda, ƙarami, ta rataye a ɗakin uwarta. Burinta bana babanta ya shuka shi a gandu.

Da bazara, ana jiran ruwan shuka, yayan Namadi ya zo daga Tasawa. Salisu sunansa, ma'aikaci ne, ya zo da ɗansa Anwar. Aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka taru. Anwar ya miƙe ya zuba karatun Faransanci, aka yi ta tafi, ko da yake babu wanda ya ji abin da ya ce.

Salisu ya dubi Marwa. "Ke hwa, ɗiyar Baba? Mi kika iya?"

Yarinya ta ruga da murna ta ɗauko kayenta, littafin da take rubuta lissafinta, da daminta, ta fara bayani. Ba ta kai rabi ba Salisu ya tuntsire da dariya.

"Namadi, ashe ɗan ƙodagon gona kake kiwo mai ɗan kwali! Wagga ko bonjur ba ta iya ba, sai ƙirga zangarniya?"

Maza suka yi dariya. Namadi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Rumbu ya yi ƙasa a lokacin, ga baƙi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Furera, a sussuke damin nan a dama wa Yaya fura."

Furera ta matso kusa, ta rage murya. "Malam, iri ne hwa."

"Irin wasan yara."

"Wa ya taɓa cin iri ana jiran ruwa? Bari in samo hatsi maƙwabta."

"Na gama magana. Kuma ita za ta sussuke shi, ta koyi aikin da zai amfane ta."

Jama'a, manomi ne fa. Ya san ba a taɓa iri ko yunwa za ta kashe mutum. Amma don na yarinya ne, bai gan shi a matsayin iri ba.

Marwa ta sa daminta a turmi. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tsorata uwarta. Aka dama fura, Salisu ya sha ya ce ta yi daɗi.

Damina ta zo a makare, ta kuma ɗauke da wuri. Hatsi ya fidda kai, ido bai cika ba. Namadi ya tsaya tsakiyar gandu yana murza zangarniya, ƙaiƙayi kawai ke zuba a hannunsa. Duk wanda ya wuce abu ɗaya yake faɗa: da ruwa ya ƙara ko kwana goma, da an tsira.

Kwana goma. Namadi ya zauna a kan kunyar gona ya riƙe kai.

Ranar kasuwar Tasawa ya sayo sabon kaye da bik biyu na rubutu. Ya kira ɗiyarsa.

"Marwa, na yi kuskure. Ki sake daga farko. Zan yanka miki fili a gandu, babba."

"To, Baba."

Ta zauna, ta buɗe kayen, ta riƙe bik. "Mi kake so in rubuta?"

"Abin da kike so, ɗiyata."

"Ba ni son komi. Ka faɗa, in rubuta."

Furera ta tashi ta shige madafa, ba don tana da girki ba.

Marwa yarinya ce mai ladabi har yau. Aike, daka, ɗiban ruwa, duk tana yi ba musu. Namadi kan zauna kusa da ita yana jan ta da hira, yana jiran ta tambaye shi abu ɗaya, ko mene ne. Shekara biyu ke nan yana jira.

Darasi: Ƴaƴana, in yaronku ya kama wani abu da zuciyarsa yana tona shi, karatu yake yi, ko da bai yi kama da na ɗan wani ba. Kada ku murƙushe shi don baƙo ya yi dariya. Baƙo zai shiga mota ya koma gidansa, ku ne za ku zauna da yaron da ya daina tambaya. Ku tura labarin nan ga duk uban da kuka san yana auna ɗansa da na maƙwabci, ko Allah zai sa ya tsaya tun bai kai turmi ba.