Sunan da Aka Goge a Jikin Roka

Iyaye 'yan uwana, akwai wata ɗaliba a jami'ar garinmu nan Kenya, Nyokabi, 'yar maƙwabciyata. Ita da abokan karatunta suna haɗa ƙaramin injin roka, irin wanda ba a sa wa mazurari a gindi. Ta ce min wutar tana fita ne ta ramin tsakiyar makamashin, kuma da an kunna ne matsin ya fi tsanani. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ita ce mai lissafa yadda injin zai yi kafin a gwada. Ita kuma ta shigo da Barasa ƙungiyar, yaron da yake cin githeri, wato dafaffiyar masara da wake, a gidansu kamar ɗan gida.

Al'adarsu, ranar gwaji kowa ya rubuta sunansa a jikin bututun injin. Masu suna a jiki su ake kaiwa gasar ƙasa.

Ana gobe gwaji, Barasa ya canja bututun da wani marar kauri don ya fi sauƙin tashi.

Nyokabi ta ce, "Ɗan uwa, wannan ba zai ɗauka ba, zai fashe."

Ya yi dariya. "Mama Lissafi sarkin tsoro, je ki dafa mana shayi."

Ashe ya riga ya gaya wa malaminsu, Farfesa Mutiso, cewa lissafin nasa ne, ita jan su baya kawai take yi. Da safe a filin gwaji, a gaban kowa, ya sa tsumma ya goge sunanta.

Ba ta yi kuka ba. Roƙo ɗaya ta yi, kowa ya koma bayan buhunan yashi.

Ana kunnawa bututun ya tarwatse. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Wani ɓalli ya faɗo kusa da Farfesa, da sunan Barasa a jiki.

Farfesa ya ɗaga shi. "To mai lissafi, me lissafinka ya ce kan wannan kaurin?"

Barasa ya waiwaya wajen Nyokabi. Nyokabi ce ta amsa, kuma ita aka kai gasar.

Amma har yau uwarta takan manta ta zuba abinci kwano biyu, ɗaya na Barasa. Nyokabi sai ta ɗauki ɗayan ta juye a tukunya, ba ta cewa komai.

Darasi: Kada ka ci amanar wanda ya buɗe maka ƙofa, wata rana cin amanar zai fito da sunanka a jiki. Ku tura wa 'ya'yanku da ke makaranta.