Bayan Haraji, Yaya

Akwai wani mutum mai suna Ƙasimu da aka yi a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, a ƙarni na goma sha tara, tun Turawa ba su zo ba. Shi ne wakilin ƙauyukan yankin a zauren hakimi, mai kai kukan jama'a ya dawo musu da hukunci. Da a yau ne, ɗan majalisa za mu kira shi.

A shekarun nan abu biyu ne ya hana mutane sakat: nauyin kuɗin ƙasa, wato haraji, da mahara masu saukowa daga duwatsu suna kwashe mutane a gona.

Ƙasimu ya yi wata dabara da ya ga ta magance duka biyun. Ya nemi a yafe kuɗin ƙasa ga duk gidan da ke da bindiga a shirye, aka amince. Ranar da ya dawo da labarin, har ƙofar gida aka raka shi da guɗa.

Sai kowa ya bazama neman bindiga. Mai tsatsa, mai tsagaggen baki, wadda aka ɗaure da jijiya, duk an saye. Albarushi kuwa a cikin gora ake rataye shi kusa da murhu, wai kada ya yi sanyi. Ba a jima ba gorar wani magidanci ta kama wuta, ta cinye ɗakin maƙwabciyarsa, wata tsohuwa, Mairama, har da 'yar dawar da ta tara.

Yayarsa Kubra ta same shi a zaure.

"Ƙasimu, ka cika gari da bindiga, ba ka gaya wa kowa yadda zai ajiye ta ba. Ka koma a yi doka. A ajiye ta babu ɗuri, maƙeri ya duba ta, a raba albarushi da wuta. Kuma a yi wa Mairama ɗaki."

"Bayan haraji, Yaya."

"Mairama a rumfar awaki take kwana."

"Na ji. Bayan haraji."

Ta dawo da kaka, ta dawo da rani. Amsar ba ta taɓa canzawa ba, har mata suka mai da ita abin tsokana a bakin rijiya. In aka ce wa wata yaushe za ki dawo min da turmina, sai ta ce bayan haraji.

Shi a ransa ba mugunta yake yi ba. Maganar haraji ce ke sa a yi masa guɗa. Wa zai yi wa mutum guɗa don ya ce a matsar da gora daga murhu?

Ana nan sai hakimi ya aiko jakadansa ya ga bindigogin da idonsa. Ƙa'idar ita ce kowane maigida ya fito da tasa, ya ɗura ta a gaban jakada, a wuce gida na gaba. Ba a harbawa, don albarushi na da tsada.

To, a unguwar su Kubra bindiga ɗaya ce tak. Ta wani maharbi ce, da jan zare ɗaure a gindinta. Da an gama da gida, kafin baƙi su gama gaisawa a ƙofa ta gaba, an miƙa ta ta kan danga. Maigida ya fito da ita yana taƙama, ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda. Na gaba ma haka. Ɗuri a kan ɗuri, ba wanda ya sauke na wani.

Ƙasimu ya ga jan zaren tun a gida na biyu. Ya sake ganinsa. Ya kuma lura sandar ɗurin tana ƙara tsayawa a waje, har ta daina shiga ko rabi. Ya kau da kai, ya ja jakada da hirar damina. Yawan bindigogin nan shi ne sunansa a zauren hakimi.

Gidan Kubra ne na ƙarshe. Ɗanta Haladu, magidanci mai mata da 'ya'ya, ya fito da bindigar, ya ƙara nasa ɗurin.

Jakada ya yi miƙa ya ce, "Malam Ƙasimu, tun safe muke kallo, ba mu ji muryar ko guda ba. A harba mana wannan mu tafi."

Duk magidantan da ke tsaye sun san abin da ke cikinta, kowa ya sunkuyar da kai.

Ƙasimu ya dubi bindigar. In ya ce kada a harba, sai an tambaye shi dalili, dalilin kuwa zai rushe duk abin da ya gina. Ya ce wa ransa ai tsohuwar bindiga ce mai ƙwari, wataƙila ta ɗauka.

"Haladu, harba sama."

"Kawu..."

"Na ce harba."

Kubra ta fito daga zaure, hannunta duk gari, ta tsaya tsakanin ɗanta da ƙaninta.

"Ba zai harba ba. Bindigar nan ta ci abinci a kowane gida a unguwar nan, ka kuma sani."

"Yaya, koma ciki. Maganar maza ake yi."

"Maganar maza ce ta ƙone ɗakin Mairama. In lafiyarta ƙalau, Wakili, ai kai ma kana da kafaɗa."

Jakada ya dube shi. Jama'a suka dube shi. Kalma ɗaya ta gaskiya ta isa ta fid da shi, amma girman kai ya hana. Ya fizge bindigar, ya ɗaga ta sama, ya ja kunama.

An ce har a gonakin ƙauyen Zandam an ji ƙarar. Da hayaƙi ya washe, bindigar ta tsage kamar rake, Ƙasimu na zaune a ƙasa, hannunsa na hagu saura babban yatsa da ɗan ƙarami.

Jakada ya karkaɗe rigarsa, ya ce a fito da sauran bindigogin unguwar a jera su wuri ɗaya. Ba a samu ko guda ba. Aka soke yafiyar, kuɗin ƙasa ya dawo kan kowa, har gidajen da suka sayar da awakinsu suka sayi bindigar gaske.

Kubra ce ta yi jinyarsa. Ba ta yi masa gori ba, ba ta kuma tausasa masa ba. Ranar da ya fara iya zama, ta ajiye masa kunu ta ce, "An gama haraji."

"Yaya, ki bar ni in warke."

"Mairama ma ba a bar ta ta warke ba. Ka fara da ɗakinta, daga rumbunka. Sannan ka je zaure ka faɗi dokar nan."

Ya yi ɗakin. Ya je zauren hakimi da hannu a naɗe, ya ce a ajiye bindiga babu ɗuri, maƙeri ya duba ta, a raba albarushi da wuta. Kafin ya rufe baki an amince. Maganar da ya shekara yana ɗagewa ba ta ci lokacin shan ruwa ba.

Ba wanda ya yi masa guɗa a hanyar gida. Kubra ce kaɗai a ƙofa, ta karɓi sandarsa, don hannun ba ya riƙo.

Darasi: Wakilin da ya ɗauki abin da za a yaba masa ya ajiye abin da zai tsare rayuka bai yi rabin aiki ba, cin amana ya yi. Sauƙin haraji haƙƙinmu ne, tsaron rai daga makami ya fi shi gaggawa, kuma wanda sakacin shugaba ya cuta a biya shi, ba a ba shi haƙuri kawai ba. Ku tura wa 'yan uwa, ku tura wa wakilinku, ku tambaye shi me ya ajiye sai "bayan haraji".