Faliyo da Foliyo a Rijiyar Nomau

Ku 'ya'yan yanzu, kunne ya ji rabi, baki ya ƙarasa sauran! Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Shekara biyu Nomau ya yi yana haƙar rijiya a ƙauyensu, inda mata ke tafiyar rabin yini neman ruwa. Ranar da ya cim ma ruwa, sai ga wani ƙashi maƙale a bangon rijiyar, ya fi taɓarya tsawo, ya zama dutse. Labari ya kai birni. Malaman jami'a suka aiko cewa za su zo gani, wai su masu ilimin faliyantoloji ne.

Barmo mai shayi ya tsinci kan kalmar kawai, ya bi gari yana cewa, "Foliyo ce a rijiyar Nomau! Shan inna!" Mai gari ya ce nan da kwana uku a cike ta. Nomau ya zauna bakin rijiyarsa ya yi tagumi: wace irin dabba ce wannan, me kuma ya haɗa ta da shanyewar ƙafa?

Babban ɗansa Tunau, ganin kowa na gudun ramin, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Yini guda yana sassaƙa, ya fito da ƙashin a gaban jama'a, lafiyarsa ƙalau.

Mai bi masa, Jatau, malamin firamare, ya tafi birni ya tambayo. Ya dawo ya durƙusa gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, faliyo ce, ba foliyo ba. A harshen Girkawa tana nufin na da can. Turawa kan liƙa ta a goshin kalma. Faliyolitik, zamanin gatarin dutse. Faliyantoloji, sanin halittun da suka shuɗe." Mai gari ya janye umarni, aka yi ta gyaɗa kai, amma ba wanda ya taɓa guga.

Sai autarsu Kulu ta ja ruwa ta sha, ta ba 'yarta mai shekara uku, ta ce, "Ku jira mu shanye ɗin." Kafin mako, tuluna sun yi layi.

Barmo kuwa, aka yanke masa hukuncin jawo wa tsofaffin gari ruwa har damina ta faɗi, sai da tafinsa ya yi kanta.

Mai gari ya ce Nomau ya raɗa wa rijiyar sunan wanda ya cece ta. To, ku masu baki, Tunau, Jatau ko Kulu, sunan wa za ta ci?