Tunau da Kan Mudu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can zamanin da, sunansa Tunau. Ku saurara, na baya ku ɗan ajiye hira.

Tunau shi ke riƙe da babban rumbun garin. In kaka ta yi, kowa ya kawo hatsinsa ajiya. In damina ta faɗi, manomi ya zo a ranta masa iri, ya biya in ya girbe. Ladan mai rumbu kuwa, ga yadda al'ada ta ajiye shi: duk mudun da za a juye a rumbu, sai a cika shi ya yi tudu, Tunau ya sa hannu ya share tudun ya zuba a tabarmarsa. Shi ake kira kan mudu. Kuna ganin kaɗan ne? Hatsin gari guda fa ake aunawa! Da shi Tunau ya zama babban mutum. Kullum zaurensa cike, akushi na fita, ana ci ana yi masa kirari. Kuma yana son haka, ba zan ɓoye muku ba. Wa ba ya so?

Wata shekara ya saki hannu da rance, ya yi ta ɗibar wa manyan manoma ba tunanin gobe. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Masu ajiya suka zo karɓar abinsu, rumbu wayam. Sarki ya ga in rumbun nan ya mutu gari ya mutu, sai ya sa kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa a cika shi. Kowane gida, jama'a, har wanda bai taɓa ajiye ƙwaya ɗaya a ciki ba.

Ranar awo Tunau ya shimfiɗa tabarmarsa yadda ya saba. Wata tsohuwa mai saƙar faifai ta zo da 'yar ƙwaryar dawa. Aka zuba a mudu, da ƙyar ya yi tudu. Tunau ya ɗaga hannu zai share, tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, share a hankali kar ya zube ƙasa. Tuwon jikokina ne na gobe." Ba gori take masa ba, hatsin take tausayi.

Hannun Tunau ya tsaya. Sai ya juye mudun duka a rumbu, ya naɗe tabarmarsa, ya tafi gaban sarki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, muddin hatsin da jama'a suka haɗa na cikin rumbun nan, a yanka mini abin da ake ba ɗan dako. Kar a ƙara ko ƙwaya."

Amininsa Jatau ya bi shi gida. "Haba Tunau! Haƙƙinka ne, ba wanda ya hana ka. Kuma ba kai kaɗai ke ci ba, mutane kake ciyarwa. Ai sadaka ce."

"Sadaka da hatsin wa? In karɓe na tsohuwa in ba masu kirari, godiya ta zo wurina? Ni na zubar da rumbun nan, Jatau. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya cewa a biya shi."

"To, zaurenka zai watse."

"Na sani."

Ya kuwa watse. Akushi na daina fita, masu gaisuwa duk suka tuna suna da uzuri. Wanda jiya ke durƙusawa, yau sai ya ɗaga hannu daga nesa. Abin ya yi wa Tunau ciwo, don mutum ne. Ya zauna a zaure shi kaɗai har tuwo ya huce, bai ci ba.

Yana nan zaune sai ga sallama. Jatau ne, ɗauke da akushi daga gidansa. Ya ce, "Na ce maka zai watse, ban ce ni zan tafi ba. Matsa mini."

Suka ci, suka yi dariya. Tunau ya ce, "Ashe haka miya take da daɗi. Da ina ci ina ƙirga baƙi, ban taɓa ji ba."

Da kaɗan-kaɗan rumbu ya farfaɗo, aka mayar wa kowane gida abinsa. Taron zaure bai dawo kamar da ba, Tunau kuma bai nema ba. Ya tsufa asirinsa a rufe, yana barci har da minshari.

To jama'a, ga darasin: wanda aka ceta da dukiyar mutane ba shi da rabo babba har sai ya mayar musu. Muna jin labarin banki ya durƙushe, a ɗebi kuɗin talakawa a tashe shi, shugabansa kuma ya ce albashinsa ba ya taɓuwa. Kun girgiza kai, na gani. Amma kar mu tsaya kan mai banki. Kai da 'yan'uwa suka haɗa maka jari bayan ka karye, sabuwar babbar rigar nan da kuɗin wa ka ɗinka? Ke mai riƙe adashi fa? Kowannenmu akwai ranar da hannunsa ke kan mudun wani. Ranar nan, Allah ya ba mu ikon janye shi.