Bika da Kibiya Mai Haske

An taɓa yin wani Bika a dajin Gulbin Kanya, shi ne Sarkin Bakan dabbobin wurin. Harbi dai ya iya shi, wannan babu mai musu, don shekara bakwai ƙahon sarauta yana rataye a wuyansa. Aibinsa ɗaya ne. Ba ya iya jin an yabi wani a gabansa.

Cikin maharbansa akwai Tunku, ɗan ƙarami mai haƙuri, wanda bakansa bai kai rabin na Bika ba.

Maharban dajin nan da almuru suke harbi, lokacin da namun daji ke saukowa shan ruwa. Dafin kibiya kuwa ba ya kayar da dabba nan take. Sai ta ruga cikin ciyawa da kibiyar a jikinta, duhu ya rufe, a yi ta lalube har a gaji. Sau da yawa sai bayan kwana biyu ungulu su nuna inda ta faɗi, ga nama ya ruɓe, ga kibiya ta salwanta.

Wannan asara ce ta dami Tunku, ya je wurin Maƙesu, 'yar ƙwaron nan mai ƙyalla wuta a jikinta, mai faɗin gaskiya ko da ba a tambaye ta ba. Suka shirya a tsakaninsu. Shi zai hana a ƙone ciyawar bakin rafi inda danginta suke zaune, ita kuma za ta riƙa hawa kibiyarsa.

Tunku ya ɗan rarake gindin kyauron kibiyar, kusa da inda tsirkiya take zama, ya yi mata ɗaki. Tana shiga sai ta rufe wutarta ta yi shiru. Sai tsirkiya ta bugi kibiyar ta tashi sannan take kunnawa. Tun daga ranar, duk abin da Tunku ya harba, haske ne yake kai shi har inda ya faɗi.

Dabbobi suka ɗauki zancen. A rijiya Tunku, a gona Tunku, har yara suka riƙa yi masa waƙa. Bika yana jin waƙar nan kamar ana zuba masa barkono a ido. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Wata safiya Tunku ya same shi yana gyaran kwari, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, na zo ne in nuna maka yadda nake yi da kibiyar nan. Abin ba wuya, kuma zai amfane mu duka."

Bika ya yi tsaki. "Kai Tunku, ni za ka koya wa harbi? Ina harbi tun uwarka ba ta yaye ka ba."

"Ba harbin ba, ranka ya daɗe. Hasken."

"Wasan yara ne. Maharbin kirki da hanci yake bin nama. Tashi ka ba ni wuri."

Tunku ya tashi ya tafi abinsa. Amma da yamma ta yi, wa za a gani a kan reshen kanya yana leƙe ta cikin ganye? Sarkin Baka ne da kansa. Daga nesa ya ga hasken ya tsaga iska, ya ga ya shige ciyawa, ya ga Tunku ya fito da gada a kafaɗa. Ɗakin da ke gindin kibiyar kuwa bai gan shi ba, bai kuma lura da cewa kafin harbin babu haske ko kaɗan ba.

Ya sauko yana ƙunƙuni. "Ƙwaro ɗaya tal, shi ne ake ta yi mana surutu. To za su ga haske."

Al'adar dajin ita ce, kowace shekara bayan girbi a yi babbar farauta, wanda kibiyarsa ta kashe naman da aka fita nema shi ne Sarkin Baka har wata shekara. A bana wani ƙaton Gadu, wato aladen daji, ne ya addabi gonakin doya, shi ne kuma tsoho Kunkuru, alƙalin maharba, ya ce a nemo. Saura kwana uku. Bika ya san in Tunku ya kashe Gadun nan, ƙaho ya bar wuyansa ke nan.

Sai ya ɗauki ƙwarya ya nufi bakin rafi, ya yi ta kamun dangin Maƙesu ba sallama ba neman izini. Ya jiƙa ƙaro ya yi kauri, ya shafe kibiyoyinsa goma sha biyu tun daga tsini har gindi, ya manna ƙwarin a jere, suna kuka yana danna su.

Da ya gama ya ɗora kibiya ɗaya a tafin hannu, ya ji ta yi nauyi, ta kuma rinjaya gefe guda. Wanda ya shekara bakwai yana sarautar baka ya san abin da wannan yake nufi sarai. Amma ya tuna waƙar yaran nan, sai ya cusa kibiyar cikin kwari ya ce ai hannu zai gyara.

Ranar farauta maharba suka ɓuya a bakin ruwa tun rana ba ta faɗi ba. Da almuru ya fara, sai kwarin Bika ya kama walƙiya. Ƙwarin da aka manna a tsorace suke, ba mai iya rufe wutarsa.

Tunku ya matso ya yi masa raɗa. "Ranka ya daɗe, rufe kwarin nan. Gadu zai gan mu."

"Baƙin ciki kake yi nawa ya fi naka," in ji Bika. "Koma wurinka."

Can sai ga Gadu ya fito daga cikin gamba yana huci. Bai ko kalli ruwan ba. Ya tsaya ya ƙura wa hasken ido, ya sunkuyar da kai, ya taho.

Bika ya ɗana kibiya. Hasken ya cika masa ido har bai ga komai a gabansa ba sai kore-kore. Ya saki, kibiyar ta karkace ta cake a cikin laka. Ya saki ta biyu ta nufi suri. Ta uku ko tashi ba ta yi ba, ƙaro ya riƙe ta a jikin tsirkiya, sai da ya fizge ta ya yar. Haka ya yi ta saki ba ji ba gani har kwarin ya ƙare, Gadu kuwa yana ta matsowa. Da ya ji hucinsa a ƙafa, sai Sarkin Baka ya watsar da baka ya ɗare bishiya, ya ƙanƙame reshe.

Daga can cikin duhun ciyawa aka ji ƙarar tsirkiya sau ɗaya. Wani ɗan haske ya kunnu a iska, ya je ya tsaya a bayan kafaɗar Gadu. Gadu ya juya ya faɗa daji da gudu, maharba suka bi ɗan hasken nan yana ɓulla yana ɓacewa cikin gamba, har inda ya tsaya cak.

Kafin a jawo naman bakin rafi, Bika ya sauko ya karkaɗe jiki ya gyara murya.

"Tawa ce ta fara shigarsa," ya ce. "Ni na raunana shi, yaron nan Tunku ya ƙarasa kawai."

Kunkuru ya dube shi a hankali. "Kibiya nawa ka fito da ita, Sarkin Baka?"

"Goma sha biyu."

"To waiwaya."

Bika ya waiwaya. Ga su nan duk suna ƙyalli, kowa yana gani. Biyar a laka, uku a jikin suri, biyu a gindin giginya, ɗaya a tsakiyar ruwa, ɗaya kuma a nan ƙasa inda ya yar da ita. Maharba suka ƙirga tare da babbar murya har goma sha biyu. Ba wanda ya yi dariya.

Da hannunsa Bika ya cire ƙahon ya miƙa wa Kunkuru, Kunkuru ya rataya wa Tunku. Sannan aka yanke wa Bika hukunci ya tsinto kibiyoyin, ya jiƙa su a ruwa, ya ɓamɓare ƙwarin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya karya fiffiken ko guda ba.

Yana durƙushe a bakin ruwa yana wannan aiki, ana rabon nama a bayansa, sai Maƙesu ta sauka a kan wani kara kusa da kunnensa.

"Ka san abin da Tunku ya zo gaya maka ran nan da ka kore shi?" ta ce. "Ni na aiko shi. Na ce masa hannunka ya fi nasa, ranar Gadu kibiyarka ya kamata in hau. Shi ma ya yarda."

Bika bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da wanke ƙaro daga fiffiken da ke hannunsa.

Darasin da yara za su riƙe a nan shi ne, mai hassada rabin abu yake gani. Yana hango ƙyallin da ke hannun ɗan'uwansa, ba ya ganin haƙuri da dabarar da suka kawo shi, kuma girman kai ba ya barinsa ya tambaya. Idan wani ya fi ka sanin abu, ka matsa kusa ka koya. In ka tsaya daga nesa kana cizon yatsa, har abin da ka iya ma sai ka lalata shi da hannunka.